Illiassou, Mai Jiƙa Dutse Kafin Ya Karanta Lamba

Idan gari ya waye a Minguettes, wata unguwa a gefen Lyon ta ƙasar Faransa, kafin yara su cika taram, jirgin ƙasan cikin gari, da hayaniyar zuwa lakwal, wato makaranta, za ka ga wani dogon dattijo ya sauko daga ɗaya daga cikin benayen nan masu kama da juna. Hular sanyi a ka, tsohuwar jaka a kafaɗa, wadda matarsa Hajiya Sabuwa ta sha rantsuwa sai ta jefar, har yau kuwa jaka tana nan. Wannan shi ne Malam Illiassou, ɗan Damagaram, masanin duwatsu da ma'adinai, wanda ya ajiye aiki a watan nan bayan shekara talatin da 'yan kai. Maƙwabta da yawa sun ɗauka leburan masana'anta ne, don kullum Saint-Fons, unguwar masana'antu, suke ganin ya nufa. Wasu ma cewa suke gadi yake yi. Bai taɓa gyara wa kowa zance ba, sai dai ya yi murmushi ya ce, "Aiki dai aiki ne."

To bari a gyara musu yau, tunda shi ba zai yi ba.

Kamfanonin da ke neman jan ƙarfe, wato tagulla, sukan kafa inji su huda ƙasa, rami siriri mai zurfin gaske, su zaro dutsen cikinsa dogo mulmulalle kamar taɓarya. Masu sana'ar karot suke ce masa. Sai a tsaga shi biyu, a kai rabi labo, wato ɗakin gwaji, a niƙe a auna, sakamako ya fito: a mita kaza, jan ƙarfe kashi kaza cikin ɗari. Waɗannan lambobin ake turo wa wani ƙaramin biro, wato ofis, a Saint-Fons, su sauka a teburin Malam Illiassou. Shi zai ce wannan arziki ne, wancan kuwa ƙyalli ne kawai, a ci gaba da haƙa ko a naɗe kaya. Da maganarsa ake ɗaukar mutane aiki a wani dajin da bai taɓa takawa ba, da ita kuma ake sallamarsu. Ya san haka, shi ya sa ba ya gaggawa.

Abin da kowa ya san shi da shi a biro shi ne ba ya buɗe kwamfuta da safe. Yana ajiye jaka sai ya zarce rumfar baya inda ake jere akwatunan karot, ya ɗebo ruwa a bokiti, ya ɗauki buroshi, ya bi duwatsun yana jiƙa su ɗaya bayan ɗaya. Busasshen dutse ɓoye launinsa yake, in ji shi, sai ya sha ruwa yake faɗin abin da ke cikinsa. Benjamin, wani ɗan Jos da suka daɗe tare a biron, ya ce, "Oga Illiassou ai sai ya yi wa dutse wanka kafin ya gaishe mu. Mun yi ta tsokanarsa har muka gaji, ƙarshenta mu ma muka sayi buroshi."

Benjamin ɗin ne ya ba da labarin wata shekara da Malam ya cusa wani dutsen banza, wanda ya tabbata babu ko ƙwayar jan ƙarfe a cikinsa, a tsakiyar samfuran da za a kai awo. Sakamako ya dawo wai akwai jan ƙarfe a ciki. Ashe injin niƙa ne ba a wanke ba bayan an niƙa dutse mai arziki. Wani ne da sai ya tayar da jijiyar wuya har a kori ma'aikaci. Shi kuwa ya ɗauki jakarsa ya tafi labon, ya zauna da mai niƙan suka sha kofi, ya nuna masa inda aka kuskure, aka sake awo, magana ta mutu a nan. Mutumin yana aikinsa har gobe.

Amma abin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau, labarin rami na bakwai ne.

Akwai wata Kadidiatou, 'yar Tawa, da ta gama digirin dakta a Lyon ta zo biron da kwantara, wato yarjejeniyar aiki, ta ɗan lokaci. Mace mai kaifin ƙwaƙwalwa, mai saurin magana da saurin tafiya. Baba take ce masa, shi kuma ya ce ɗiyata. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da kwantara ta ɗan lokaci ke nufi ga baƙo: takardar zamanka a wuyanta take rataye, ranar da ta yanke, sai ka fara kallon akwatinka. Aikin da aka ɗora Kadidiatou a kai na wani kamfani ne mai hedkwata a Paris, da ke neman jan ƙarfe a wasu tsaunuka a Afirka. An haƙa rami shida, duk abin da suka bayar bai taka kara ya karya ba. Mutanen Paris suka ce in na bakwai ma haka ne, a rufe. In an rufe kuwa, babu aiki, babu takarda.

Sai ga sakamakon na bakwai: mita arba'in a jere, jan ƙarfe kashi uku cikin ɗari. Kai jama'a! A sana'ar nan, irin wannan lamba mutum kan tsufa bai gan ta ba. Biro ya kaure da murna, Benjamin har da rawa. Kadidiatou ta fita waje ta kira mahaifiyarta a Tawa, tana dariya tana kuka. Daga Paris aka bugo waya, aka ce ta zo mako mai zuwa ta yi bayani a gaban manya, kuma a fara shirya mata kwantara ta dindindin.

Malam Illiassou ya taya ta murna da zuciya ɗaya. Washegari da akwatunan ramin suka iso, ya ɗauki bokitinsa kamar kullum. Ruwa na taɓa dutsen sai ga ma'adinin ya fito rawaya yana sheƙi, gwanin kyau. Ya matsa akwati na biyu, na uku, sai hannunsa ya tsaya. Jijiyar ma'adinin ba ta gitta karot ɗin ba. Bin sa take a tsaye, siririya, daga wannan akwati ta shiga wancan. Ramin bai ratsa kaurin jijiya ba, tsawonta ya bi. Mita arba'in ɗin nan ba kaurin arziki ba ne, wataƙila kaurin bai wuce tsawon hannu ba.

Ranar bai iya cin abincin rana ba. Bayan magariba ya faɗa wa Hajiya Sabuwa, ita kuwa ba ta ɓoye ra'ayinta ba.

"Malam, wata nawa ya rage maka ka tafi hutunka? Lambar nan kai ka ƙirƙire ta? Labo ne ya bayar. Ka bar yarinyar mutane ta karɓi takardarta mana, in ya so daga baya su gano da kansu."

"Daga baya sunan wa za su tarar a ƙasan rahoton?"

"To in ka faɗa kuma suka rufe aikin, kai za ka kai ta filin jirgi?"

Kada wani ya ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Yarinyar nan yana ƙaunarta kamar 'yar cikinsa, ya kuma san layin ofishin takardu, ya tsaya a cikinsa da sanyin asuba a shekarunsa na farko. Ya kwana biyu yana juya maganar, har Hajiya ta daina tanka masa. Abu ɗaya ya yanke: ba zai kai zancen Paris a bayan idonta ba, ba zai kuma tsayar da ita a tsakiyar biro ya ce ta yi kuskure ba. Sai ya ce wa Hajiya ta sayo nama, ranar Lahadi za su yi baƙuwa.

Kadidiatou ta zo da fara'arta, ta durƙusa ta gaida Hajiya, aka yi ina wuni, ina gajiya, ina sanyi, ina labarin mutanen Tawa. Ta tarar da Malam a kicin ya naɗe hannun riga, ga nama an yanyanka shi falle-falle, ga tsinkaye, ga garin ƙuli-ƙuli da yaji.

"Yau tsire za ki ci na Damagaram," ya ce. "Amma sai kin taya ni. Zo ki ga."

Ya ɗauki falle ɗaya, ya soka tsinke ta bakinsa, ya bi tsawonsa har tsinken ya ɓace cikin nama.

"Ɗiyata, in aka zare tsinken nan aka ba wanda bai ga naman ba, aka ce ya faɗi kaurinsa, mi zai ce?"

Ta yi dariya. "Zai ce ƙaton nama ne, Baba, tunda tsinken duka ya jiƙe."

Ya ɗauki wani fallen irinsa, ya huda shi ta gefe, tsinke ya fita ta ɗaya ɓangaren nan take.

"Wannan fa?"

"Wannan ai ɗan..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya da hannunta cikin ƙuli-ƙuli tana kallon tsinkayen biyu. Nama iri ɗaya, kauri ɗaya. Dariyar ta bar fuskarta a hankali.

"Rami na bakwai," ta ce.

"Na jiƙa shi ranar Alhamis."

"Amma taswirar kamfani ta ce a kwance jijiyoyin suke. Shi ya sa duk ramukan a tsaye aka haƙa su."

"Haka ta ce. Ni ma na yarda da ita shekara biyu. Dutsen ne bai yarda ba."

Ta zauna a kujerar kicin. Hajiya Sabuwa ta leƙo, ta koma. Da Kadidiatou ta ɗago, idonta ya kaɗa.

"Baba, ka san takardata a watan Maris take ƙarewa."

"Na sani."

"Na riga na gaya wa Inna. Ta raba goro a unguwa."

"Na sani, ɗiyata. Ba ƙarya kika yi ba, lambar ma ba ƙarya ta yi ba. Amma daga yau da ni da ke mun sani, in muka yi shiru ta zama ƙarya. Za su haƙa na takwas a gefensa su tarar da wayam, ni ina gida ina shan shayi, ke ce za su kira. Takarda ana sake nema. Suna a sana'ar nan in ya zube, ba ya kwasuwa."

Ba ta ci tsiren ba. Ta yi sallama a daddafe ta tafi, Hajiya kuwa ta kwashe kwanuka da ƙarfi yadda duk benen zai san ranta a ɓace yake.

Ranar Litinin da ya isa rumfa, sai ya tarar bokitinsa ba ya wurinsa. Kadidiatou ce ta riga shi, ta jiƙe ramin na bakwai tun daga sama har ƙasa, ta auna kwanciyar jijiyar da hannunta. Ba ta gaishe shi da dariya ba, amma ta gaishe shi. Ya tsaya a gefenta, ya yi mata tambaya ɗaya.

"In jijiyoyin a tsaye suke, mu ma a tsaye muke haƙa, ramukanmu shida na baya mi suka yi?"

Sai ta ajiye buroshi, ta ruga ta jawo akwatunan rami na uku da na biyar, waɗanda kowa ya riga ya yafe. Ta jiƙa su. Ga 'yan zare-zaren rawaya nan a gefen dutsen, su ma a tsaye, ramin ya goge su ya wuce.

"Tsakaninsu muka bi!" ta ce. "Baba, kamar wanda ya bi kwarin kunya a gonar hatsi, ya fito ya ce bai ga kara ba. Ba jijiya ɗaya ba ce, suna da yawa. A karkace ya kamata a haƙa, a gitta su!"

Ya san haka tun ranar Alhamis? Benjamin ya rantse ya sani. Shi kuwa Malam har yau in an tambaye shi sai ya ce, "Ita ta gani." Iyakar abin da ya ƙara mata a ranar shi ne kada ta yi wa kowa alkawari, don zato ne mai ƙarfi, ba tabbas ba.

Suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris tare. A hanya ta roƙe shi ya yi maganar, tunda shi suka sani, furfurarsa za ta sa su saurara. Ya ƙi. Ya ce aikinta ne, in ya karɓe mata ɗacin, ya karɓe mata har da zaƙin da zai iya biyo baya. A ɗakin taro ya nemi kujerar can baya ya zauna, da jakar nan tasa a cinya.

Manya sun zo da shirin tafi. Kadidiatou ta miƙe, ta ce mita arba'in ɗin da aka yi murna da su ba kauri ba ne, ta nuna hotunan jiƙaƙƙen dutse. Shugaban aikin ya jefar da alƙalami a tebur, ya ce an tara su ne don a gaya musu babu komai? Ta ce ba ta ce babu komai ba, cewa ta yi ba a nema ta inda ya dace ba. Ta kawo rami na uku da na biyar, ta roƙi rami ɗaya tak, a karkace. Mutumin ya waiga baya.

"Illiassou, ka yarda da wannan?"

"Ita ta karanta dutsen," ya ce. "Ni zan sa hannu a ƙarƙashin nata."

Kwantara ta dindindin dai aka mayar da ita aljihu. Aka ba da rami ɗaya, aka ƙara mata 'yan watanni. Maris ya zo ya wuce tana yawo da takardar wucin gadi, irin wadda ba ta barin mutum ya yi barci mai daɗi. Duk wannan lokacin Hajiya Sabuwa, wadda ta fi kowa faɗa, ita ce ke aika mata da tuwo da miyar kuka a kwanon roba. Malam kuwa ya rame. Ya san in ramin ya fito wayam, da hannunsa ya rufe wa ɗiyar mutane ƙofa.

Akwatunan rami na takwas suka riga lambobin isowa. Su biyu suka tsaya a kansu, ya miƙa mata buroshi. Ruwa ya bi dutse, sai ga jijiya ta gitta shi kamar awarwaro a hannu. Gaba kaɗan ga wata. Ga wata kuma. Sirara ne duka, amma sun ƙi ƙarewa, akwati bayan akwati. Da sakamakon labo ya zo, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, lambar da ba ta sa kowa rawa. Sai dai a faɗi mai yawa take, kuma wannan karon kauri ne na gaskiya. Ko za a buɗe mahaƙa a can wata rana, Allah ne masani, bincike bai ƙare ba. Amma aikin ya rayu, masu haƙa a tsaunukan nan ba a sallame su ba, kuma mutumin da ya jefar da alƙalami shi ya sa hannu a kwantararta ta dindindin.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa walimar ajiye aiki a wani ɗakin taro na unguwa. 'Yan Nijar, 'yan Najeriya, Faransawan biro, har da mai niƙan labo. Kadidiatou ta shigo da faranti a rufe. Da aka buɗe, tsire ne, amma kowane falle ta gefe aka huda shi, suna reto a jikin tsinke.

"Wace irin ɓarnar nama ce wannan?" in ji Hajiya Sabuwa. "Wa ya koya miki suka haka?"

"Mijinki, Tanti."

Aka kwashe da dariya. Sai ta buɗe jakarta, ta zaro sabuwar takardar zamanta, ɗan kati mai hoto, ta durƙusa ta sa a tafin hannunsa. Ya duba gaba, ya duba baya. Sannan, da yake hali zanen dutse ne, ya juya katin ta gefe ya kanne ido ɗaya yana duba kaurinsa.

"Siririya ce," ya ce. "Amma ta gaskiya ce."

Hajiya ta juya baya tana gyara ɗankwali, wai yaji ne ya shiga mata ido.

Malam Illiassou, dogo na Sabuwa, mai jiƙa dutse. Kai ne ka ga gaskiya mai ɗaci, ba ka binne ta ba, ba ka kuma mari kowa da ita ba. Kai ne ka zauna a kujerar baya a ranar da ta gaba ta fi dacewa da kai. Babu mahaƙar da za a sa wa sunanka, babu jaridar Paris da ta san ka, amma akwai gidaje a nan da can gida da tukunyarsu ke tafasa saboda ka ƙi gaggawa. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa Hajiya ta haƙura da jakar nan.

Mu kuma da muka rage a bakin aiki, likita ne kai ko ɗan kasuwa ko mai koyarwa, in aka miƙo maka labari mai daɗi, ka tashi ka je ka duba da idonka kafin ka raba goro. In kuma ka ga na ƙasa da kai zai faɗa rami, kada ka yi shiru don tausayi, kada ka yi shela don a san ka iya. Ka kira shi gida, ka ba shi abinci, ka bar shi ya gani da kansa.

Shekaranjiya Litinin, karon farko cikin shekaru, taram ɗin safe ya tashi babu dogon dattijo. Benjamin ya ce da ya isa biro ya tarar kwamfutar Kadidiatou a kashe, jakarta a kan kujerar Malam. Daga rumfar baya kuwa yana jin ƙarar ruwa na zuba a bokiti.